Hangen Birnin Delft: Safiya Guda da Aka Adana Sama da Shekaru 360

A gidan adana zane-zane na Mauritshuis da ke birnin Hague na ƙasar Holan, akwai wani zane da aka yi wajejen shekarar 1660, wanda har yau jama'a ke yin takakkiya daga sassa daban-daban na duniya domin su tsaya a gabansa. Babu sarki a cikinsa, babu fagen fama, babu kuma wata ƙissa ta addini. Abin da ke ciki shi ne wani matsakaicin birni mai ganuwa da ƙofofi, ga ruwa kwance a gabansa, ga gajimare a samansa, da sanyin safiya.

Sunan zanen da harshen mutanen Holan shi ne Gezicht op Delft, wato Hangen Birnin Delft. Wanda ya yi shi kuwa shi ne Johannes Vermeer, haifaffen birnin, wanda ya rayu daga 1632 zuwa 1675. Da yawa daga masu ganinsa a karon farko kan ɗauka tamkar hoto ne aka ɗauka da kyamara, alhali kuwa an yi shi kusan shekaru ɗari biyu kafin a fara ɗaukar hoto. Sai dai binciken masana ya nuna cewar Vermeer ya zaɓi abin da zai nuna, ya gyara wasu abubuwan, ya kuma bar wasu a ɓoye. Sanin wannan zaɓi nasa shi ne mabuɗin fahimtar zanen.

Abin da ido ke gani

Zanen ba shi da wani girma na a-zo-a-gani. Tsayinsa santimita 96 da rabi, faɗinsa kuma kusan santimita 116, an yi shi da fenti mai haɗe da mai a kan ƙyalle mai kauri. Mai kallo yana hangen birnin ne daga kudu, daga ƙetaren wata matsayar jiragen ruwa da ake kira Kolk, kuma bisa ga dukkan alamu daga saman bene, domin ido yana ɗan sauka ne a kan ruwan.

A ƙasan zanen akwai gaɓa mai rairayi, inda mutane ƙalilan ke tsaye. Wasu suna kusa da wani jirgin fasinja, irin wanda doki ke ja da igiya daga bakin ruwa, wanda a wancan zamani shi ne abin hawan da ke sada biranen Holan da juna a kan lokaci tsayayye. Can gefe kaɗan kuma wasu mata biyu ne ke hira.

Bayan ruwan sai birnin kansa, a miƙe daga hagu zuwa dama. Daga hagu akwai ganuwa da jajayen rufin gidaje, inda kan hasumiyar Tsohuwar Majami'a ya ɗan leƙo. A tsakiya akwai Ƙofar Schiedam mai ɗauke da agogo, sai wata ƙaramar gadar dutse wadda ruwa ke bi ta ƙarƙashinta ya shiga gari, sannan daga dama Ƙofar Rotterdam mai tagwayen hasumiyoyi. Daga can baya hasumiyar Sabuwar Majami'a ta ɗara kowane gini tsayi.

Amma fiye da rabin zanen sararin samaniya ne. Wani baƙin gajimare ya tokare daga sama, ya jefa inuwarsa a kan ganuwa da ƙofofin da ke gaba, yayin da rana ta haska rufin gidajen da ke baya da hasumiyar Sabuwar Majami'a. Wannan shi ne babban sirrin zanen. Ido bisa ɗabi'arsa yakan bi haske, saboda haka mai kallo ba ya tsayawa a bakin ƙofa, sai ya ji ana jan idonsa ya tsallake duhun ya shiga cikin gari.

Dalilin zana birni

A yawancin ƙasashen Turai na wancan lokaci, majami'u da fadojin sarakuna su ne manyan masu ba masu zane aiki, kuma abin da suke buƙata shi ne ƙissoshin littafin Baibul, da hotunan waliyyai, da na sarakuna. A Holan al'amarin ya sha bamban. A shekarar 1566 masu bin tafarkin Furotesta suka far wa majami'u suna farfasa mutum-mutumi da hotuna, saboda a ganinsu ajiye irin waɗannan abubuwa a wurin ibada bautar gumaka ce. Bayan da ɓangarensu ya yi rinjaye a arewacin ƙasar, sai aka shafe bangayen majami'u da farar ƙasa, wannan kasuwa ta masu zane kuma ta rufe.

Kazalika ƙasar ta zama jamhuriya a lokacin yaƙin shekaru tamanin da ta gwabza da Sifaniya daga 1568 zuwa 1648, inda ragamar mulki ta koma hannun attajirai da majalisun birane. Waɗannan attajirai, har ma da masu sana'o'i irin su masu gasa burodi, su ne suka zama masu sayen zane domin ƙawata gidajensu. Abin da suke so su gani a bango shi ne rayuwarsu: jiragensu, da gonakinsu, da ɗakunan matansu, da kuma biranensu. A tsakiyar ƙarni na 17 zanen gine-ginen birni ya zama fanni mai zaman kansa, wanda mutane irin su Pieter Saenredam, da Gerrit Berckheyde, da Jan van der Heyden suka yi fice a kansa.

Shi Vermeer an fi saninsa ne da zanen cikin ɗaki, galibi mace guda a kusa da taga tana karanta wasiƙa ko tana zuba madara. Daga cikin ayyukansa kimanin 37 da aka sani a yau, biyu kacal ne suka nuna gari: wannan, da wani ƙarami na wani lungu a Delft, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam.

Birnin da ya ga bala'i

Natsuwar da ke cikin zanen tana ƙara ma'ana idan aka san abin da ya sami birnin shekaru shida kafin nan. A ranar 12 ga watan Oktoban 1654, wani rumbun albarushi na gwamnati da ke arewa maso gabashin Delft ya yi bindiga. An ƙiyasta cewar albarushin ya kai aƙalla tan talatin. Unguwanni sun rushe, mutane fiye da ɗari sun hallaka, wasu da dama sun jikkata, an kuma ruwaito cewar an ji ƙarar har a tsibirin Texel da ke can arewacin ƙasar. Daga cikin mamatan har da Carel Fabritius, almajirin Rembrandt, wanda ake ganin shi ne mai zane mafi hazaƙa a birnin a lokacin. Vermeer yana da shekaru 21 sa'ad da abin ya faru.

Wani mai zane a garin, Egbert van der Poel, ya yi ta zana kangayen da fashewar ta bari, ya maimaita su sau da yawa saboda akwai masu saye. Vermeer bai bi wannan hanya ba. Ya tsaya ne a kudu, wurin da ganuwa da rufin gidaje suka kare ɓangaren da ya rushe, ya nuna birni a tsaye da ƙafafunsa, ƙofofinsa lafiya lau, jirage na jiran fara aikin yini.

Ita ma hasumiyar da rana ta haska tana da nata tarihin. A cikin Sabuwar Majami'a aka binne Willem na gidan Orange, jagoran tawayen da aka yi wa Sifaniya, wanda aka harbe a Delft a watan Yulin 1584, kuma har yau a nan ake binne 'yan gidan sarautar Holan. A lokacin da Vermeer ke wannan aiki, gidan Orange ba ya riƙe da babban muƙamin jagorancin lardin Holan, wanda aka bar shi babu kowa daga 1650 zuwa 1672. Saboda haka wasu masana ke ganin haska hasumiyar wata alama ce ta biyayya ga wannan gida. Wasu kuma na cewa hasken hantsi ne kawai ya faɗa inda ya faɗa. A wannan majami'a ce dai aka yi wa Vermeer kansa baftisma yana jariri.

Gyaran da ya yi wa birnin

Masu bincike sun kwatanta zanen da taswirori da zane-zanen da wasu suka yi na wannan wuri, suka tarar cewar Vermeer bai kwafe abin da ke gabansa yadda yake ba. Ƙofar Rotterdam a zahiri ta fi turowa gaba zuwa cikin ruwa, amma sai ya ɗan karkatar da ita domin ta bi sahun sauran gine-ginen. Gadar da ke tsakiya ma ya miƙar da ita fiye da yadda take. Sakamakon haka birnin ya zama kamar layi guda a kwance, abin da ke sa mai kallo ya ji komai ya zauna daram.

An kuma haska zanen da irin na'urar da asibitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da ita, da wasu na'urorin masu gano abin da ke ƙarƙashin fenti. Nan aka ga cewar da farko inuwar tagwayen hasumiyoyin a cikin ruwa gajeriya ce, daga baya ya ja ta ƙasa sosai, ta yadda ta ɗaure birnin da ɓangaren da mai kallo yake. Haka nan an gano cewar da akwai wani mutum mai faffaɗar hula a tsaye kusa da matan nan biyu, amma ya shafe shi. Da ya bar shi, da gaɓar ta cika da jama'a, shirun safiyar kuma ya ragu.

Duk da wannan gyara, akwai abubuwan da ya kiyaye har suka zama hujja ga masu tarihi. Alal misali ana iya hango sararin sama ta tagogin hasumiyar Sabuwar Majami'a, wato babu ƙararrawa a ciki, alhali an san cewar a shekarar 1660 aka ɗora mata sababbin ƙararrawa na gidan Hemony. A shekarar 2020 wata tawaga ƙarƙashin Donald Olson, masanin taurari a jami'ar jihar Texas ta Amurka, ta auna yadda haske da inuwa suka faɗa a kusurwoyin hasumiyar, ta ce yanayin ya dace da misalin ƙarfe takwas na safe a farkon watan Satumba, mai yiwuwa na shekarar 1659. Kafin nan an fi karanta agogon Ƙofar Schiedam a matsayin ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Gidan Mauritshuis dai yana sanya aikin ne tsakanin 1660 da 1661, kuma ba abin mamaki ba ne mai zanen da ba ya wuce aiki biyu ko uku a shekara ya daɗe a kansa.

Ɗaki mai duhu da shuɗin Afganistan

Wanda ya matso kusa da zanen zai ga ƙananan ɗige-ɗigen fenti mai haske a jikin jirgin da ke dama da kuma bangayen ƙofofin. Daga kusa ba su da wata siffa, amma da an ja da baya sai su koma ƙyallin haske a kan jiƙaƙƙen katako da tsohon tubali. A wasu wuraren kuma fentin yana da kauri da gautsi, har ana jin kamar a shafa a ji kaushin bango, yayin da ruwan aka yi shi sumul.

Waɗannan ɗige-ɗige ne suka sa wasu masana ke zaton Vermeer ya yi amfani da wata na'ura da ake kira camera obscura da harshen Latin, ma'ana ɗaki mai duhu. Idan haske ya shigo ta 'yar ƙaramar huda zuwa cikin ɗaki ko akwati mai duhu, siffar abin da ke waje takan bayyana a bangon da ke fuskantar hudar, amma a kife. Malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, yana cikin waɗanda suka fara bayyana wannan al'amari ta hanyar gwaji, kuma littafinsa kan ilmin gani, Kitabul Manazir, an fassara shi zuwa Latin ya zama abin karatu a Turai. A zamanin Vermeer an riga an ƙara wa na'urar gilashi mai tattara haske, wanda kan mai da ƙyalli ya zama ƙananan da'irori.

Masu musun wannan zato na nuni da cewar babu irin wannan na'ura a jerin kayan da ya bari bayan mutuwarsa, kuma ya sanya ɗige-ɗigen har a wuraren da ke cikin inuwa, inda na'urar ba za ta nuna su ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne, Delft gari ne na masu sha'awar gilashi da haske. Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya shahara wajen gano ƙananan halittu da madubin ƙara girman abu, sa'an Vermeer ne, a gari ɗaya da shekara ɗaya aka haife su, kuma shi hukuma ta naɗa ya kula da dukiyar da Vermeer ya bari.

Launukan ma suna da nasu labarin. Rawayan da ke jikin hasumiyar haɗin dalma ne da kuza. Shuɗin da Vermeer ya fi ƙauna kuwa, wanda ya yi amfani da shi a nan ma, ana samunsa ne ta hanyar niƙa wani dutse mai daraja da Larabawa ke kira lazaward, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na Afganistan. Yana daga cikin launuka mafiya tsada a Turai a lokacin.

Arzikin da ke bayan ganuwa

Zuwan dutse daga Afganistan har teburin mai zane a Delft ya nuna irin nisan da cinikin Holan ya yi. Birnin, mai mutane kimanin dubu 25, yana ɗaya daga cikin birane shida da ke da reshen Kamfanin Gabashin Indiya na Holan, wanda aka kafa a 1602. Masanin tarihi ɗan ƙasar Kanada, Timothy Brook, ya ja hankali ga cewar daga cikin dogayen rufin da ke hagun zanen akwai na ofis da rumbunan wannan kamfani. Tangaran ɗin ƙasar Sin da jiragensa ke kawowa shi ne magina tukwanen Delft suka kwaikwaya, har suka yi suna da kwanuka masu launin fari da shuɗi.

Akwai kuma ɓangaren da babu alamarsa ko kaɗan a zanen. Delft tana da hannu a Kamfanin Yammacin Indiya, wanda aka kafa a 1621, wanda kuma ya ƙwace sansanin Elmina da ke gaɓar ƙasar Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, ya mai da shi cibiyar fataucin bayi. An ƙiyasta cewar 'yan kasuwar Holan sun yi jigilar 'yan Afirka fiye da dubu 600 zuwa nahiyar Amurka. Wannan ne ya sa a 2019 gidan tarihin birnin Amsterdam ya daina kiran ƙarni na 17 da sunan zamanin zinariya, kamar yadda aka saba. A watan Disamban 2022 firaministan lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara a madadin gwamnati, sannan Sarki Willem-Alexander ya yi haka a ranar 1 ga watan Yulin 2023. Sanin wannan ba ya rage ƙwarewar mai zanen, amma yana tunatar da mai kallo cewar kwanciyar hankalin da yake gani akwai waɗanda suka biya kuɗinta a wasu nahiyoyi.

Mai zane ya mutu da bashi

Vermeer bai ci moriyar aikinsa yadda ya kamata ba. A shekarar 1672 Faransa da Ingila da wasu ƙawayensu biyu daga Jamus suka far wa Holan, tattalin arziki ya durƙushe, kasuwar zane ta mutu. Ya rasu a watan Disamban 1675 yana da shekaru 43, ya bar matarsa Catharina Bolnes da 'ya'ya 11. Mai gasa burodi kaɗai yana bin gidan gilda 617, har sai da matar ta ba shi zane biyu jingina.

A wani gwanjo da aka yi a Amsterdam a 1696, an sayar da ayyukansa 21, kuma Hangen Birnin Delft ne ya fi kowanne tsada, a kan gilda 200, wato ƙasa da sulusin bashin burodin. A 1822 gwamnati ta saye shi a kan gilda 2,900 bisa goyon bayan Sarki Willem na Ɗaya, aka kai shi Mauritshuis. A can ne wani Bafaranshe mai sharhi kan zane, Théophile Thoré, ya gan shi a 1842, abin ya kama shi, ya shiga neman sauran ayyukan wannan mutum da duniya ta kusa mantawa da shi. Maƙalolin da ya buga a 1866 su ne suka dawo da sunan Vermeer.

Marubucin Faransa Marcel Proust, wanda ya ga zanen a 1902 ya sake ganinsa a Paris a 1921, ya ɗauke shi a matsayin zanen da ya fi kowanne kyau a duniya. A cikin babban littafinsa na ƙagaggen labari ya kawo wani tsohon marubuci marar lafiya, wanda ya lallaɓa ya je kallon zanen, ya ƙura wa wani ɗan ɓangaren rawayan bango ido, yana nadamar bai tace rubutunsa kamar haka ba, nan take kuma ya faɗi ya mutu. Har yau masu ziyara na neman wannan ɗan bango, ba su kuma daidaita a kan ko wanne ne ba. A 2023, lokacin da Rijksmuseum ya tara ayyukan Vermeer 28 wuri guda, ciki har da wannan, mutane kimanin dubu 650 ne suka je kallo.

Abin da ya saura a Delft

Wanda ya je bakin Kolk a yau, tafiyar kimanin kilomita goma daga Hague, zai tarar da ruwan yana nan, zai kuma hango hasumiyoyin majami'un biyu, ko da yake kan ta Sabuwar Majami'a an sake shi bayan da tsawa ta faɗa masa a 1872. Amma ba zai ga ƙofofin ba. Hukumomin birnin sun rushe Ƙofar Schiedam da ta Rotterdam tsakanin 1834 da 1836, a zamanin da ake ganin ganuwa da ƙofofi ba su da sauran amfani illa tare hanya da cin kuɗin gyara. Daga cikin tsofaffin ƙofofin Delft guda ɗaya tak ta rage, wato Ƙofar Gabas.

Ke nan abin da mutanen birnin suka rushe da hannunsu, yanzu sai sun tafi Hague suke ganinsa da launinsa, a jikin ƙyallen da ɗan garinsu ya zana. Ga mai son ya amfana da kallon zanen, ko a gidan tarihin ko a intanet inda ake iya faɗaɗa shi, hanya mafi sauƙi ita ce ya fara daga nesa ya lura da inda haske ya faɗa da inda inuwa ta rufe, sannan ya matso ya duba ɗige-ɗigen da ke jikin jirgin, kana ya tambayi kansa daga ina mai zanen ya tsaya, da kuma abin da wannan tsayuwa ta kare wa ido.